Shin Akwai Wayoyin Lantarki a Cikin Ƙwayoyin Jikinmu?

A 'yan shekarun nan wata magana ta bazu a shafukan intanet da bidiyoyin da ake tura wa juna ta waya, cewa wai masana sun gano siraran wayoyi a cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum, waɗanda lantarki ke bi yadda yake bin wayoyin da aka ja a gida. Wasu kan ƙara gishiri su ce a cikin waɗannan wayoyi ne tunanin ɗan Adam yake zaune. Wasu kuma sun samu abin fakewa, suna tallar na'urorin da suke cewa suna daidaita lantarkin jiki. Maganar tana da tushe, domin akwai masana na gaske da suka shafe fiye da shekara 30 suna bincike a kanta. Inda aka samu tangarɗa shi ne an haɗa abin da aka tabbatar da abin da ake hasashe da abin da ake fata kawai, aka miƙa wa jama'a su a matsayin abu guda. Tambayar ita ce: shin zaruruwan da ke riƙe da siffar ƙwayar halitta suna iya kai saƙon lantarki daga wuri zuwa wuri? Idan kuma suna iyawa a ɗakin gwaji, shin jiki mai rai yana amfani da su ta wannan hanya?

Ma'anar kalmomin

Ƙwayar halitta, wadda masana ke kira sel, ita ce mafi ƙanƙantar ɓangaren jiki mai rai na kansa. Ido ba ya ganinta sai da madubin ƙara girma. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da tantani, wato wata fatar maiƙo mai matuƙar sirantaka, a cikinta kuma akwai ruwa mai kauri cike da gishiri da furotin iri-iri.

Idan gishirin miya ya narke a ruwa, rabuwa yake yi gida biyu, sodiyam da kuloraid. Sodiyam ya rasa ilektron ɗaya, wato ɗan ƙaramin ɓangaren zarra mai ɗauke da cajin negetif, don haka ya zama fozitif. Kuloraid kuwa shi ya karɓi wannan ilektron, ya zama negetif. Duk zarra ko gungun zarra da ke ɗauke da caji irin wannan, sunansa ayon. Masu caji iri ɗaya suna ture juna, mabambanta suna jan juna. Ayon huɗu ne suka fi muhimmanci a wannan batu: sodiyam, potasiyam, kalsiyam da kuloraid. Shi ya sa yaron da gudawa ta galabaitar ake ba shi ruwan gishiri da sukari maimakon ruwa zalla, domin tare da ruwan da ya zubar har da ayon.

A nan bambanci na farko yake, kuma shi ne aka fi tsallakewa. A wayar jan ƙarfe ilektron ne ke motsi. A jiki kuwa ayon ne ke motsi, a cikin ruwa, kowanne yana jan ƙwayoyin ruwa a jikinsa. Jan ƙarfe ya fi ruwan gishirin jiki saurin wuce da lantarki fiye da sau miliyan 10. Sai kuma ma'auni: nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Kaurin silin gashin kai kan kai wajen nanomita 70,000, kaurin tantanin ƙwaya kuwa bai wuce nanomita 5 ba.

Ƙwarangwal ɗin ƙwaya

Cikin ƙwayar halitta akwai ragar zaruruwan furotin da ke ba ta siffa, su riƙe kayan cikinta, su ba ta damar motsi da rabuwa gida biyu. Masana na kiran wannan raga ƙwarangwal ɗin ƙwaya, ko da yake ba a ƙame yake ba, kullum ana warware shi ana sake ɗinkawa.

Zare na farko shi ne aktin, mai kaurin nanomita 7, wanda Brunó Straub ya fara warewa daga tsoka a 1942 a birnin Szeged na ƙasar Hangari. Shi ne, tare da abokin aikinsa mayosin, ke sa tsoka ta tsuke. Na biyu shi ne maikurotubul, wanda za mu kira bututun tubulin, domin bututu ne na gaske mai rami a tsakiya, an gina shi da furotin mai suna tubulin. Faɗinsa nanomita 25, raminsa kimanin 15, bangonsa kuma galibi layuka 13 ne a jere. Sai a 1963 aka samu ganinsa sosai aka raɗa masa suna, bayan an gano sabuwar hanyar sandarar da ƙwayoyi kafin a duba su da madubin ilektron. Akwai nau'i na uku mai matsakaicin kauri, dangin keratin ɗin da ke gashi da farce, amma ba shi da rawar a zo a gani a wannan muhawara.

Bututun tubulin hanya ce ta jigilar kaya, wannan ba a musu a kai. Wani furotin mai suna kinesin, da aka gano a 1985, yana takawa a kansa taku-taku, kowane taku nanomita 8, ɗauke da kaya daga tsakiyar ƙwaya zuwa gefe. A jijiyar saƙo wannan jigila ba ta wuce kimanin santimita 40 a rana. Kenan daga ƙugu zuwa yatsan ƙafa tafiyar kwanaki ce. Amma wanda ya taka ƙaya yakan ɗage ƙafa kafin ya ƙifta ido, don haka saƙon gaggawa ba ta wannan jigila yake bi ba.

Lantarkin jiki da aka daɗe da sani

Masunta a Neja da Binuwai da tafkin Chadi ba sa buƙatar a gaya musu cewa mai rai na iya samar da lantarki, domin sun san jan minjirya. Wannan kifi yana da dubban ƙwayoyi a jere ƙarƙashin fatarsa, kowacce tana ba da ɗan ƙarfi kaɗan, idan suka saki lokaci guda sai ya taru ya kai bolt ɗaruruwa. Tushen ƙarfin kowace ƙwaya shi ne tantaninta, kuma haka abin yake a jikin mutum.

Tantani maiƙo ne, ayon ba ya iya ratsa shi sai ta ƙofofi na musamman. Akwai wani famfon furotin a jikinsa, wanda Jens Skou na Denmak ya gano a 1957, da ke fitar da sodiyam uku ya shigo da potasiyam biyu a kowane zagaye, yana ƙona makamashin da aka samu daga abinci. Sakamakon wannan rabo da kuma ɗigar potasiyam zuwa waje, cikin ƙwayar jijiya ya fi wajenta zama negetif da kimanin milibolt 70, wato kashi 70 cikin 1,000 na bolt ɗaya. Idan saƙo ya zo, ƙofofin sodiyam su buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, cajin wurin ya juye, wannan juyi ya buɗe ƙofofin da ke gaba, su ma su buɗe na gabansu. Babu ayon ɗin da ke gudu daga ƙafa zuwa laka. Kowanne tsallake tantani kawai yake yi, abin da ke tafiya shi ne juyin cajin. A jijiyoyi masu rigar maiƙo da ake kira mayelin, gudun saƙon kan kai mita 120 a daƙiƙa.

Alan Hodgkin da Andrew Huxley ne suka fayyace wannan a 1952, suna aiki a Plymouth ta Ingila da ƙatuwar jijiyar wata halittar teku mai suna sikwid, wadda kaurinta kan kai rabin milimita ko fiye. Sun samu kyautar Nobel a 1963. Amma gwajin da ya fi shafar batunmu shi ne wanda Hodgkin ya yi da Peter Baker da Trevor Shaw a farkon shekarun 1960. Sun shimfiɗa jijiyar, suka bi ta da ɗan ƙaramin abin murza mai rigar roba, suka matse kayan cikinta suka fito ta bakin da aka yanke, har ta koma lafcecciyar fata. Sai suka ɗura mata ruwan gishirin potasiyam ta sake kumbura. Da suka taɓa ta da lantarki, sai ga saƙo yana wucewa yadda ya saba, kuma ta ci gaba da aikawa har sau dubu ɗaruruwa. An cire mafi yawan zaruruwan ciki, saƙo bai tsaya ba. Gaskiya ne ɗan siririn saura ya rage manne da tantanin, amma duk mai cewa zaruruwan ciki su ne ainihin wayoyin jijiya, sai ya fara amsa wannan gwaji.

Daga ina batun zare ya taso?

Ya taso ne daga wata gaskiya da kowa ya yarda da ita: zaren aktin da bututun tubulin duk suna ɗauke da cajin negetif mai yawa a jikinsu. A aktin, an ƙiyasta kimanin caji 4 a kowane nanomita na tsawonsa. A bututun tubulin kuwa, kowane tubulin yana da 'yar gajeriyar wutsiya da ke leƙowa waje, cike da cajin negetif. Tunda mabambanta na jan juna, ayon masu fozitif irin su potasiyam da kalsiyam sukan taru su yi wa zaren riga.

Fumio Oosawa na Japan, wanda shi kansa gwani ne a binciken aktin, da Gerald Manning na Amurka a 1969, sun nuna da lissafi cewa idan cajin zare ya wuce wani mizani, wato kimanin caji ɗaya a kowane kashi 7 cikin 10 na nanomita, wani kaso na ayon ɗin ba ya iya kuɓucewa. Suna maƙale kusa da zaren, amma ba a ɗaure suke wuri ɗaya ba, suna iya zamewa gaba da baya a tsawonsa. Aktin ya wuce wannan mizani nesa ba kusa ba. Daga nan tunani ya zo: idan akwai rigar ayon mai iya zamewa a tsawon zare, me zai hana a tura ta daga wannan baki a ji motsin a wancan?

A 1993 masana biyu, Lin da Horacio Cantiello, suna aiki a Boston, suka ba da rahoton cewa sun kama zaren aktin da bakin siririn bututun gilashi, irin wanda Erwin Neher da Bert Sakmann na Jamus suka ƙirƙiro don auna lantarkin ƙofar tantani ɗaya tak, suka ga alamun sigina tana bin tsawon zaren. A 2004 Jack Tuszynski na jami'ar Alberta a Kanada da abokansa, har da Cantiello, suka fitar da lissafin da ke ɗaukar zaren aktin a matsayin layin aika saƙo. A 2006 Avner Priel tare da Tuszynski da Cantiello suka ce bututun tubulin da aka haɗa tsakanin bututun gilashi biyu yana ƙara wa siginar ƙarfi, har suka kwatanta shi da taransista, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina da ke cikin rediyo. Daga baya, a Ajantina, María del Rocío Cantero da Cantiello suka ba da rahoto a 2016 da 2018 cewa shimfiɗu da dammunan bututun tubulin da aka ciro daga ƙwaƙwalwar dabbobi suna fitar da lantarki mai hawa da sauka da kansa, a gwajin 2018 kusan sau 39 a daƙiƙa. Wannan adadi ya ja hankali sosai domin ya faɗa cikin zangon wata kaɗawar lantarki da ake aunawa a ƙwaƙwalwar mutum mai farke. Kamanceceniyar adadi dai ba hujja ba ce ta cewa wannan ne ke haifar da wancan.

Inda gardamar take

Duk muhawarar ta rataya ne a kan abu ɗaya, wato yoyo. Manomin rani ya san cewa idan ya haƙa magudana a ƙasa mai yashi ya saki ruwa, fangalin kusa ne zai sha, na nesa ba zai ga ko ɗigo ba, domin ƙasa ta shanye a hanya. Sai ya yi wa magudanar daɓe ko ya ja tiyo kafin ruwa ya isa. Haka lantarki yake a cikin ruwan gishiri: idan ba abin da ya raba hanyarsa da ruwan da ke kewaye, watsewa zai yi.

Jijiya ta magance wannan ta hanya biyu. Tana da tantanin maiƙo da ya raba ruwan ciki da na waje, sannan tana da ƙofofin da ke sabunta saƙon a kowane mataki da makamashin da famfo ya tara. Zaren aktin ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, gwargwadon abin da aka tabbatar. Tsirara yake a cikin ruwan gishiri. Tun 1923 Peter Debye da Erich Hückel suka nuna cewa a irin wannan ruwa, ayon da ke yawo suna kewaye kowane caji su dushe tasirinsa. A gishirin da ya kai na jiki, tasirin caji yana raguwa ƙwarai kafin a yi nisan nanomita ɗaya, kuma duk cajin da ya taru wuri guda ruwan kan daidaita shi cikin kimanin kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Masu shakka suna cewa rigar ayon ɗin siririya ce ainun, ruwan da ke kewaye da ita kuwa faffaɗa ne kuma shi ma yana wuce da lantarki, don haka duk siginar da aka ɗora wa zare za ta zube cikin ruwan tun ba ta je ko'ina ba.

Masu goyon baya suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Suna cewa tsakanin rigar ayon da sauran ruwan akwai 'yar tazara inda ayon suka yi ƙaranci, wadda ke aiki a matsayin katanga. Suna kuma cewa yadda rigar ke tara caji yana sauyawa da ƙarfin siginar, kuma a irin wannan yanayi lissafi na ba da damar samuwar soliton, wato igiya guda ɗaya da ke tafiya ba tare da ta baje ba. Irin wannan igiya gaskiya ce a duniya. John Scott Russell ya fara ganinta a 1834 a wata mashigar jiragen ruwa ta Sukotlan, ya bi ta a kan doki tana tafe a dunƙule. Game da bututun tubulin kuwa hujjarsu ta fi ƙarfi, tunda yana da rami da bango, ko da yake bangon yana da ƙananan huji da ayon ke iya ratsawa.

A ganina, a nan ne ya kamata mai karatu ya yi taka-tsantsan. Lissafin da ya nuna abu zai yiwu ya dogara ne da adadin da aka zuba masa, kuma da yawa daga cikin waɗannan adadi, musamman ƙarfin waccan katanga, ƙiyasi ne ba awo ba. Lissafin Manning ma ya fi dacewa da zare siriri a ruwa mai ƙarancin gishiri, alhali kaurin aktin ya ninka zangon tasirin caji sau da dama. Gwaje-gwajen kuma suna da wuya matuƙa. Bakin bututun gilashin ya fi zaren aktin faɗi fiye da sau 100, don haka raba lantarkin da ya bi zare da wanda ya bi ruwa aiki ne mai santsi. An yi su ne galibi a kan zaruruwan da aka ciro daga ƙwaya aka wanke, wani lokaci aka sandarar da su da magani. Sannan mafi yawan sakamakon ya fito ne daga rukunin masana 'yan kaɗan masu aiki da juna. Wannan ba zargi ba ne a kansu. Ƙa'idar kimiyya ce kawai cewa sakamako ba ya zama daram sai wasu hannaye na daban sun maimaita shi sun samu abu ɗaya.

Akwai kuma tambayar buƙata. Ayon yana yawo da kansa a ruwa ba tare da an tura shi ba. Potasiyam kan ratsa faɗin ƙaramar ƙwaya, wato kashi ɗaya cikin 100 na milimita, cikin kimanin kashi ɗaya cikin 40 na daƙiƙa. Milimita ɗaya kuwa sai ya ci minti huɗu, mita ɗaya shekara takwas. Kenan ƙaramar ƙwaya ba ta cika buƙatar waya ba, doguwar jijiya kuma tana da tantaninta. Inda hasashen ya fi ma'ana shi ne tsaka-tsaki, a rassan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ƙananan tsirarrakin da ke kansu, waɗanda suke cike maƙil da aktin, inda wuri ya ƙuntata har rigar ayon za ta iya zama kaso mai tsoka na duk ayon ɗin da ke wurin. Ga kuma kalsiyam, wanda ba ya nisa a cikin ƙwaya domin furotin da yawa na cafke shi. Idan har zare na taimaka wa wani ayon ya yi tafiya ta hanya ɗaya, a irin waɗannan wurare ne ya dace a nema.

Don kwatanci, akwai halittun da aka tabbatar suna da waya ta gaske. A 2012 masana a Aarhus ta Denmak suka bayyana wasu bakteriya a laka ta ƙarƙashin teku da ke jeruwa su zama zare, suna wuce da ilektron tsawon santimita. Wani bakteriya mai suna Geobacter shi ma yana fitar da siraran zaruruwan furotin masu wuce da ilektron. Waɗannan ilektron suke kaiwa, ba ayon ba, kuma gininsu daban ne da na aktin da tubulin. Sau da yawa masu yaɗa labari kan ɗauki hujjar waɗannan su jingina wa ƙwayoyin mutum.

Aikin da ba a musu a kansa

Abin takaici shi ne hayaniyar waya ta rufe ainihin alaƙar da aka tabbatar tsakanin zaruruwan nan da lantarkin jiki, alhali ita kanta abin mamaki ce. Zaruruwan su ne ke ajiye ƙofofin ayon a inda ya dace. A gindin doguwar jelar ƙwayar jijiya, inda saƙo ke tashi, wani furotin mai suna ankirin ne ke ɗaure ƙofofin sodiyam ga ragar da ke ƙarƙashin tantani. A 2013 rukunin Xiaowei Zhuang a jami'ar Harvard ya nuna cewa aktin yana yin zobba a tsawon jelar, zobe bayan zobe, tazarar kusan nanomita 190.

Kunne ma misali ne. A can cikinsa akwai ƙwayoyi masu tsinkaye a kansu, kowane tsinke damin zaren aktin ne a cikin rigar tantani. Idan sauti ya kaɗa su suka karkata, wata siririyar igiya da ta haɗa kan wannan tsinke da gefen na kusa da shi sai ta ja ƙofa ta buɗe, potasiyam da kalsiyam su shiga, sauti ya koma saƙon lantarki. Aktin ne ya ba tsinken ƙarfin tsayuwa, lantarkin kuwa ta ƙofar tantani ya bi.

Cajin zaruruwan ma yana da aiki sananne. Wasu nau'o'in kinesin suna da ɓangare mai fozitif da ke riƙe wutsiyar tubulin mai negetif, don kada su faɗo daga hanya. Ayon masu caji biyu ko fiye suna iya haɗa zaruruwan aktin su zama dami. Kalsiyam kuma idan ya ƙaru yana tayar da wani furotin mai suna jelsolin ya daddatse aktin. Wato ayon na juya ƙwarangwal, ƙwarangwal na tsara ƙofofin ayon.

Batun tunani

A tsakiyar shekarun 1990 Roger Penrose, masanin lissafi na Ingila, da Stuart Hameroff, likitan sa barci na Amurka, suka kawo ra'ayin cewa sanin kai na ɗan Adam yana fitowa ne daga al'amuran kwantam, wato dokokin da ke mulkin abubuwa mafi ƙanƙanta, a cikin bututun tubulin. A 2000 Max Tegmark ya lissafa cewa a wuri mai ɗumi da jiƙa irin ƙwaƙwalwa, irin wannan yanayi zai rushe cikin kimanin kashi ɗaya cikin tiriliyan 10 na daƙiƙa. Hameroff da abokansa sun ƙalubalanci lissafin, amma akasarin masana ƙwaƙwalwa ba su karɓi ra'ayin ba. Kyautar Nobel da Penrose ya samu a 2020 a kan baƙin ramin sararin samaniya ce, ba ta da alaƙa da wannan. Batun daban ne da na tafiyar ayon, ko da an tabbatar da ɗaya, ɗayan na nan da sauran aiki.

Abin da zai iya biyo baya

Likitanci ya daɗe yana taɓa waɗannan zaruruwa. Albendazol da mebendazol, magungunan tsutsar ciki da ake raba wa yara a makarantu, suna aiki ne ta hanyar hana tubulin ɗin tsutsa haɗuwa. Binkiristin da faklitaksel, magungunan kansa, suna dagula bututun tubulin don ƙwayar kansa ta kasa rabuwa, kuma sananne ne cewa sukan jawo dindiris da zogi a yatsun hannu da ƙafa. Bayanin da aka fi karɓa shi ne lalacewar jigilar kaya da ta jijiyar kanta, ba yankewar wata waya ba. A cutar mantuwa ta Alzheimer ma, furotin mai suna tau da ke riƙe bututun tubulin yana sakin su ya dunƙule.

Wurin da lantarki da tubulin suka fi kusantar juna a asibiti shi ne wata hanyar jinyar muguwar kansar ƙwaƙwalwa mai suna giliyobilastoma, wadda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2011, ta faɗaɗa amincewar a 2015. Ana aske kan majinyaci a liƙa masa faifai masu aika lantarki mara ƙarfi da ke juyawa sau 200,000 a daƙiƙa, ya riƙa sawa aƙalla awa 18 a rana. A babban gwajin da aka wallafa a 2017, matsakaicin tsawon rayuwar waɗanda suka haɗa wannan da magani ya kai kusan wata 21, na masu magani kaɗai wata 16. Bayanin da masu ƙirƙirar suka fara bayarwa shi ne lantarkin na dagula jeruwar tubulin lokacin rabuwar ƙwaya, amma har yanzu masana na muhawara kan ainihin yadda yake aiki. Wannan na'ura ta bi ta gwajin asibiti da ɗaruruwan majinyata. Na'urorin da ake tallatawa da sunan daidaita lantarkin ƙwayoyin jiki ba za su iya aron hujjarta ba, kuma binciken zaren aktin bai ba da wani dalili da zai sa majinyaci ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa ba.

A fagen bincike kuwa, abin da zai raba gardama a bayyane yake, ko da yake yinsa na da wuya. Ana buƙatar a auna a cikin ƙwaya mai rai, da gishirinta na asali, a ga sigina tana bin zare da sauri ko nisan da yawon ayon na yau da kullum da lantarkin tantani ba za su iya bayyanawa ba. Sannan a sauya cajin zaren kaɗai, ba tare da an karya shi ba, a ga ko siginar ta sauya. Wannan sharaɗi na biyu shi ne mai wuyar, domin magungunan da ke wargaza aktin ko tubulin suna kuma sauya siffar ƙwaya, su tsayar da jigila, su gusar da ƙofofin ayon daga mazauninsu, ta yadda ba za a san wanne ne ya haifar da abin da aka gani ba. Yanzu akwai furotin masu haske da ke nuna sauyin caji da na kalsiyam a ƙwaya mai rai, akwai kuma hanyoyin gyara ƙwayoyin gado da za a iya rage cajin wutsiyar tubulin da su, sai dai wutsiyar nan ita ce kuma kinesin ke riƙewa, don haka duk wanda ya taɓa ta sai ya nuna cewa ba jigilar kaya ya taɓa ba.